Takardar da Na Yi wa Guga

Shekaru sun fara yi mini sata. Ina neman tabarau alhali yana bisa hancina, ina shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma ko ƙwaƙwalwar nan za ta zubar da duk abin da ke cikinta, na tabbata za ta riƙe kwana ukun da na yi a Gure ina fama da wata takarda wadda har yau ban iya faɗin takamaiman inda take a lokacin ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina malamin ajin ƙarshe a wata lakwal, wato makarantar firamare, a Gure, Bagobiri da aka jefo daga yamma zuwa ƙasar rairayi da dabino. Na yi shekara huɗu a garin, kuma ban ƙi shi ba, sai dai raina yana wani wurin. Akwai konkur, wato jarrabawar gasa, da ake yi don ɗaukar malamai kaɗan su je Yamai ƙarin karatu. Na zauna mata sau biyu na faɗi. Wannan ce ta uku, kuma ta ƙarshe, domin akwai iyakar shekaru, ni kuwa ina tsaye daidai bakin iyakar. Idan ta wuce ni a wannan karon, to ni da alli da baƙin allo sai ritaya.

Da yake na san halin wasiƙa a lokacin, wadda takan bar Yamai tana jaririya ta iso Gure da furfura, sai na sa adireshin wani abokina a dosiyena, wato takardun neman shiga jarrabawar. Bazabarme ne, mun yi makarantar horon malamai tare, daga baya ya samu aikin biro, wato ofis, a Yamai. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa kowa ya san ba a gaisawa sai da tsokana.

Ranar Litinin aka aiko daga gidan waya cewa in zo ƙarfe huɗu, za a kira ni. Na je na zauna a kan benci har tarho ya yi ƙara.

"Bawana," in ji shi, muryarsa tana zuwa tana komawa kamar mai magana daga cikin rijiya, "abin mamaki ya faru. Ka ci jarrabawar rubutu. Ga takardar kira a hannuna, Litinin mai zuwa za ka yi ta baka."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ko da yake ban san ko tana kama Zabarmawa ba. Sa ta a mota yau."

"Wace mota? Kafin ta zo an gama jarrabawar an share ɗakin. Zan turo maka ita ta faks. Akwai mai faks a ƙauyen naku?"

To, kalmar faks na san ta. Na gan ta a jarida, na san yadda ake rubuta ta, da an ba ni ita a shifta ba zan yi kuskure ba. Iyakar sanina ke nan. Amma ni mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, mutumin da yara sittin suke ɗauka ya san dalilin da ya sa wata yake bin mai tafiya. Sai na ce masa, "Akwai mana," cikin muryar wanda ya gaji da karɓar faks.

Dole in bayyana abin da ya sa takardar nan ta zama rai da mutuwa. Malami ba ya barin ajinsa ya bar gari sai da izinin Ansipektar, wato shugaban malaman yankin. In ka tafi ba izini, an rubuta ka gudu daga aiki, kuma ko ka ci jarrabawar ba za ta yi maka amfani ba. Ansipektar ɗinmu dattijo ne mai gaskiya, ba ya cin na kowa, amma takarda ita ce rabin addininsa. Bai taɓa sa hannu a kan maganar baka ba. Kuma ba kowace takarda yake karɓa ba: ya taɓa mayar wa wani malami daga Kelle da buƙatarsa don kawai an ninka ta huɗu, ya ce wanda bai girmama takardarsa ba bai girmama abin da yake roƙo ba. Motar da za ta kai ni Damagaram a kan lokacin da zan samu ta Yamai kuwa safiyar Alhamis take tashi. Kwana biyu ke gare ni.

Da na tambaya, aka ce faks ɗaya ne a garin da mutum irina zai iya kusanta, a biron wani puroje na dasa itatuwa don tare tudun rairayi. Sakatariyar wurin, wadda kowa yake kira Madam, ɗanta yana ajina, don haka ba ta yi mini wuya ba. Ta ba ni lamba, na koma gidan waya na ba abokina, muka sa ƙarfe goma na safiyar Talata.

Na isa tun tara da rabi, na bar yarana da daraktan lakwal. Na yi zaton zan ga wata na'ura mai girman injin niƙa. Sai Madam ta ɗage wani ƙyalle, ga wani ɗan akwati mai ruwan toka, da kan tarho a gefensa da maɓallai a bisa. Waya ɗaya ce tak ta shiga bayansa, ita ce kuma wayar da suke magana da ita. Nan ruɗanina ya soma. Murya ta bi waya, wannan na yarda, na ma koyar da shi da gwangwani biyu da zare. Telegiram ma na gane, wani ne yake bugawa can wani ya rubuta nan. Amma hatimi? Sa hannun mutum? Ta wace ƙofa za su shiga wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba? Ban tambaya ba. Na harɗe hannu a baya ina kallon akwatin kamar wanda ya zo duba ko an kula da shi yadda ya kamata.

Maigadin biron, wani tsoho da muke kira Baba, ya shigo ya tsaya bakin ƙofa da rawaninsa. Tarho ya yi ƙara, Madam ta ɗauka, ta gaisa da wani a can, ta ce, "To, danna, ni ma zan danna." Ta danna wani koren maɓalli. Sai akwatin ya ɗauki wani irin fito mai tsini, kamar an taka wutsiyar ɓera a cikin tulu.

Baba ya ce, "Yawwa, shi ne! Madam, wannan ne mutumin da nake gaya miki. Kullum da rana tsaka in kun tafi cin abinci sai ya kira, in yi masa sallama ya yi mini fito. Jiya na ce masa duk wanda ya haife shi bai gama aikinsa ba."

Madam ta ce, "Baba, sau nawa zan ce maka ka bar ɗauka?"

"In bar baƙo yana buga ƙofa?"

Ban ji ƙarshen gardamar ba, domin takarda ta fara leƙowa daga bakin akwatin, a hankali, layi bayan layi. Na ga kan takardar hukuma. Na ga sunana. Na ga Litinin, ƙarfe takwas. Daga ƙarshe hatimi ya fito, zagayayye, da sa hannu a tsakiyarsa. Ban san lokacin da na juya na rungume Baba ba, har rawaninsa ya faɗi ƙasa. Madam ta yage takardar daga bakin akwatin ta karanta da ƙarfi, ta yi mini barka, sai wani kiran ya shigo. Na yi godiya da hannu na fita.

A hanya ne murnata ta fara raguwa. Takardar ba irin wadda na sani ba ce. Sirirya ce, mai santsi, mai ɗan sheƙi, kuma da ka sake ta sai ta naɗe kamar tabarmar da ta shekara a jingine. Na miƙe ta a kan tebur, ta naɗe. Na ɗora mata ƙamus, babba, wanda ya miƙar da yara da yawa, na ba ta awa biyu. Na ɗaga, ta yi kamar ta yi biyayya, sannan ta naɗe a gabana. Na tuna malamin Kelle. In ninki huɗu ya jawo masa abin da ya jawo, ni da zan miƙa wa Ansipektar abu kamar muciya fa?

Ga malamin ƙauye wannan ba matsala ba ce, muna da maganinta tun zamanin da. Takardar da ta yamutse guga ake yi mata. Na yi wa takardar shaidar karatuna, na yi wa ta haihuwata, na yi wa taswirar Afirka da ruwa ya taɓa. Bayan la'asar na ɗauki dutsen guga na nufi madafin Iya, tsohuwar da nake haya a gidanta, don ta sam mini garwashi.

"Mushe, guga ranar Talata? Ko an samu wadda za a je gani?"

"Takarda zan goge, Iya."

"Allah ya kyauta. Rigarka ta fi ta bukata."

Na zuba garwashi, na fifita, na gwada zafin da yawu kamar yadda aka saba. Na shimfiɗa zane a kan tabarma, na kwantar da takardar, na danne gefenta da yatsu. Na yi bisimilla na ja dutsen daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya.

Da na ɗaga, sai na ga wata baƙar hanya ta ratsa tsakiyar takardar, daidai faɗin dutsen, baƙa ƙirin kamar sabuwar kwalta. Ta cinye rabin sunana, ta cinye Litinin, ta bar ƙarfe takwas a gefe shi kaɗai kamar maraya.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi ba ni kunya, domin da ilimi na yi shi. Na ce a raina, ba a yanke hukunci sai an gwada. Ko dai dutsen ne yake da baƙin gawayi a ƙasansa, ko kuwa wani abu ne daban. Na goge ƙasan dutsen da tsumma har yana ƙyalli. Na gwada shi a kan takardar littafin yara, ta fito fara tas. Na gwada a kan hannun rigata, lafiya lau. To, dutse ya wanke kansa. Saboda haka, in ji hankalina, baƙin farko hatsari ne, kuma ba zai sake faruwa ba. Na ja dutsen a gefen dama. Baƙi. Na tsaya ina kallo. Kuma don kada a ce ban kammala gwaji ba, ko don hannuna ya riga kaina yanke shawara, na ja a gefen hagu.

Takardar ta miƙe, wannan kam ba a ƙwace mini shi ba. Ban taɓa ganin takarda miƙaƙƙiya kamarta ba. Babu ko harafi ɗaya a kanta.

Ba ta ƙone ba, shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Ba hayaƙi, ba wari, gefenta bai ci wuta ba. Na shafa, ba ta shafa mini baƙi a yatsa ba. Na sa gom na goge fensir na goga. Na ɗaga ta ga rana ko rubutun yana ɓoye a ƙarƙashi. Na juya bayanta, fari. Iya ta zo ta tsaya a kaina, ta dafa ƙugu.

"Ita ce takardar?"

"Ita ce."

"Da can haka take?"

"Da can da rubutu."

Ta matsa baya taki ɗaya. "Daga ina ta zo?"

"Daga Yamai. Ta cikin waya."

"Ta cikin waya," in ji Iya, tana jinjina kai. "Kai ma dai, Mushe. Abin da ya yi tafiyar kwana biyu a cikin waya bai ci ba bai sha ba, ka tarbe shi da wuta. Ni dai kada ka kwana da ita a ɗakin da ke jikin nawa."

Na yi dariyar yaƙe. A gaskiya bayanin Iya bai fi nawa rauni ba, domin ni ba ni da ko ɗaya. Kuma ga abin da yake cin raina, wanda sai yanzu nake iya faɗinsa ba tare da na sunkuyar da kai ba: na ɗauka takardar ce da kanta ta zo. Ban zauna na tsara tunanin haka ba, da an tambaye ni a aji da na ce ba zai yiwu ba. Amma can cikin cikina na yarda cewa akwatin Yamai ya haɗiye ta, na Gure ya amayo ta, ni kuma na kashe ta. Takardar kira ɗaya hukuma take bayarwa.

Safiyar Laraba na riga Madam isa biro. Na miƙa mata abin. Ta juya shi, ta dube ni, ta sake dubansa.

"Mushe, a rana ka bar ta?"

"Guga na yi mata."

Madam mace ce mai kamun kai. Ta ajiye takardar, ta fita baranda, na ji ta tana tari mai tsawo, sannan ta dawo tana share ido da bakin gyale.

"Ka yi haƙuri. Zauna. Ba abin da ya ɓace, takardarka tana Yamai."

"Tana Yamai?"

"Tana hannun abokinka. Ba ta motsa ba."

"To wannan da na ɓata wace ce?"

"Kamanninta ne."

Ta yi mini bayani yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Akwatin can yana duban takarda layi layi, duk inda ya ga fari ko baƙi sai ya mayar da shi sauti. Fiton nan da Baba yake zagi, shi ne rubutun, shi ne hatimin, shi ne sa hannun. Waya ba ta san bambancin gaisuwa da hatimi ba, sauti kawai take ɗauka. Akwatin nan kuma ya saurara ya mayar da sautin zane. Sai dai ba shi da tawada ko ɗigo. Takardar ce aka shafa wa wani magani mai yin baƙi in ya ji zafi, akwatin yana ɗan ɗosa mata zafi a inda yake son harafi ya fito.

"Shi yana ba ta zafi kaɗan kaɗan," in ji Madam. "Kai kuwa ka ba ta gaba ɗaya, sai ta rubuta maka komai lokaci guda."

Na gyaɗa kai. Na gane kowace kalma, jimlar ce dai ta ƙi zama. Amma na riƙe abin da ya fi muhimmanci, wato ana iya sake turowa.

Muka samu abokina a bironsa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da ya ji labari sai da na nisantar da kan tarhon daga kunnena.

"Guga! Wayyo Gobir! In turo maka da sabulu ma ka wanke ta?"

"Turo takardar, ka bar haushi."

Ya ce mutumin da ya tura masa jiya ba ya nan, amma ba komai, ya ga yadda ake yi, shi ba baƙauye ba ne. Aka danna can, aka danna nan, fito ya tashi. Takarda ta fara fitowa. Muka sunkuya ni da Madam da Baba. Ta fito, ta ci gaba da fitowa, ta kai ƙarshe, akwatin ya yi ɗan ƙara na gamsuwa. Fara fat. Ko ɗigon ƙuda babu.

Baba ya ce, "To. Jiya baƙa, yau fara. Gobe sai ja."

Madam ta dafe goshi. "A kife ya sa ta. Bayan takardar ya turo mana."

Na ji wani ɗan sanyi a raina, na gane cewa Yamai ma tana da nata gwanayen. Na karɓi kan tarhon ina shirya kalmomin da zan jiƙa Bazabarme da su. Shiru. Madam ta karɓa, ta danna, ta bubbuga, ta bi wayar har bango. Layin ya ɗauke. Na ruga gidan waya, can ma haka, garin gaba ɗaya. Na tambayi yaushe zai dawo, aka ce mini wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci kwana uku, ya danganta da abin da ya same shi da kuma inda ya same shi. Na zauna a biron puroje har ƙarfe uku da rabi, ina ɗaga kan tarho duk bayan minti biyar kamar mai duba tukunya.

Ƙarfe huɗu na shiga biron Ansipektar, domin biyar yake tashi, mota kuma da safe. Na gaishe shi, na ajiye takardu biyu a gabansa, baƙa a dama, fara a hagu. Ya gyara tabarau. Ya daɗe yana dubansu.

"Mushe, mene ne wannan?"

"Takardar kirana ce zuwa jarrabawa, ranka ya daɗe."

"Wacce daga ciki?"

"Dukansu."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ina rubutun?"

"A wannan ya yi yawa, a wannan kuma bai zo ba."

"Ita takardar ta gaskiya tana ina?"

"Tana Yamai."

"In tana Yamai, me ka kawo mini?"

Na shiga bayani. Na kawo sauti, na kawo zafi, na kawo fari da baƙi, na ce waya ba ta san hatimi ba. Ina magana ina jin kaina kamar ɗalibin da ya haddace darasi ya manta farkonsa. Da na kai ga dutsen guga sai ya ɗaga hannu.

"Don me ka yi mata guga?"

"Ta naɗe ne, ranka ya daɗe. Na san ba ka son takarda in ba miƙaƙƙiya ba."

"Na ce a kawo mini takarda a miƙe. Ban tuna na ce a dafa ta ba."

Na sunkuyar da kai, na fara lissafin shekarun da suka rage mini kafin ritaya. Sai na ji ya ja numfashi ya ce wani abu da ban taɓa jin babba ya faɗa a gaban na ƙasa da shi ba.

"Ɗana, ban gane wannan abin ba. Ka yi bayani, ban gane ba, kuma ina jin kai ma ba ka gane ba. Ban san ko abin da ya fito daga akwatin nan takarda ce a wurin hukuma ko ba takarda ba ce, ba wanda ya rubuto mana. Ba zan yi kamar na sani ba." Ya tura takardun gefe. "Amma akwai abin da na sani. Rabin yaran da ke lakwal ɗinka an haife su a daji, ba wanda ya rubuta. In lokacin jarrabawa ya zo, muna cewa ba a haife su ba?"

"A'a. Alƙali yana kiran shaidu biyu, ya ba su takarda a madadin ta haihuwa."

"To wa ya ga takardar nan tana da rai?"

Ban taɓa gudu a cikin rairayin Gure kamar ranar ba. Na dawo da Madam da Baba saura minti ashirin a tashi. Ansipektar ya sa takarda a keken rubutu, ya tambayi Madam abin da ta gani. Ta faɗi sunana, ta faɗi rana da awa, ta faɗi ofishin da ya aiko, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya buga. Ya juya ga Baba.

"Baba, ka iya karatun boko?"

"Allah bai ɗora mini ba."

"To me ka gani?"

"Na ga wani abu zagayayye a ƙasa kamar inda aka ajiye kofin shayi, da wani zane a cikinsa kamar sawun ƙadangare."

"Hatimi da sa hannu ke nan. Amma wannan bai nuna shi aka kira ba. Yana iya zama takardar kowa."

Baba ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, ni dai ga abin da na sani. Shekara huɗu malamin nan yana wucewa ta ƙofata, gaisuwarsa daga nesa ce, da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafi. Jiya takardar nan tana gama fitowa ya rungume ni har rawanina ya faɗi. To ko dai an kira shi da gaske, ko kuwa kansa ya taɓu. Ko wanne ne, ya kamata a kai shi Yamai."

Ansipektar ya sunkuya a kan keken rubutunsa ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Sannan ya buga shaidar Baba, ban san da waɗanne kalmomi ya fassara ta ba. Madam ta sa hannu, Baba ya dangwala yatsa. Ya rubuta mini izinin kwana goma, da sharaɗin in kawo masa takardar ta gaskiya in na dawo, in ba haka ba izinin ya zama kamar ba a yi shi ba. Ya buga hatiminsa mai tawada, ya hura, ya miƙo mini. Biyar saura minti uku.

Na shiga motar Alhamis. Na isa Yamai ranar Asabar, na yi jarrabawa ranar Litinin, Allah ya ba ni sa'a. Na dawo na kai wa dattijon abin da na yi alkawari kafin in tattara kayana.

Yanzu jikata takan zauna kusa da ni ta ɗauki hoton takarda da wayar hannu, kafin in gyara zama ya isa wata ƙasa, ta buɗe shi a kwamfuta, ta jefa shi kan talabijin, da murya da bidiyo duk ta hanya ɗaya. In ta ce, "Kaka, ka gane?" ba na gyaɗa kai. A kwana ukun nan na Gure mutum biyu ne suka ce sun iya, ni da abokina, mu ne muka samar da baƙa da fara. Wanda ya fitar da ni shi ne dattijon da ya fi mu duka matsayi, ya dubi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, sannan ya nemi waɗanda suka gani. Na yi shekaru ina koya wa yara amsoshi kafin in koyi wannan jimlar, kuma ta fi duk sauran wuyar fita daga bakin malami. Shi ya sa nake ce wa yarinyar, "Ban gane ba. Sake nuna mini, kuma kafin in taɓa, gaya mini abin da na'urar ba ta so."